Zama Lafiya a Lokacin Ɗari: Bayani ga Magidantan Ƙasar Gabi

Idan aka gaishe ku da safe aka ce, "Ina sanyi?", amsar da kuka saba bayarwa ita ce, "Lokacinsa ne." Amsar gajeriya ce, amma akwai hikima a cikinta. Sanyi ba baƙo ba ne. Kowace shekara yana zuwa, ba ya saɓa alkawari. Abin da aka san lokacin zuwansa kuwa, ana iya yi masa shiri.

An rubuta wannan bayani domin ku mazauna ƙaramar hukumar Gabi, a gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, da sauran maƙwabta. Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: sau da yawa ba sanyin kansa ke cutar da iyali ba. Abin da ke cutarwa shi ne yadda ake gudun sanyin, wato toshe ɗaki, da kwana cikin hayaƙi, da cunkoso, da barin wanka. Gidan da ya sauya lokutan aikinsa, da abincinsa, da yadda yake hura wuta, don su dace da lokacin, shi ke fita ɗari da sauƙi.

Lokutan shekara da alamun ɗari

Shekarar manomi tana da sassa: damina, kaka, ɗari, sai bazara mai tsananin zafi. Ɗari yakan kama daga watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ya fara sauƙi a Fabrairu. Waɗannan lokuta suna bin tafiyar rana ne, ba lissafin wata ba. Shi ya sa azumi ke zagayawa, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, amma ɗari yana nan a wurinsa.

Ko ba ku da kalanda, za ku gane isowarsa:

- Iska ta juya, tana busowa daga arewa maso gabas.
- Raɓa ta ɗauke, leɓe ya fara bushewa.
- Taurarin nan, kaza da ƴaƴanta, suna bayyana a gabas da almuru.
- Kuka ta zubar da ganye, gawo kuwa ya yi kore shar.

Ku dubi gawo da kyau. Da damina yana zubar da ganyensa, ya bar gero ya sha rana. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka tsaya fayau, shi ke ba dabbobi inuwa da abinci. Itace ne da ya san lokacinsa.

Iskar hunturu da abin da take yi wa jiki

Iskar hunturu daga hamadar Sahara take tasowa. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa tana fitowa daga wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin dā ruwan tafki ya kwanta ya bushe. Wannan ƙura ce ke zama hazo.

A ƙasar Maraɗi, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 12 zuwa 15 da asuba, wani dare ma ya yi ƙasa da haka. Da rana tsaka kuma ya hau zuwa wajen digiri 30. Ke nan a yini ɗaya jiki yana haɗuwa da sanyi da zafi duka.

Iskar busasshiya ce ƙwarai. Cikin hanci da maƙogwaro akwai danshi wanda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su shiga huhu. Idan iska ta busar da wannan danshi, ƙura kuma ta kankare wurin, sai ƙofa ta buɗe wa cuta. Wannan ne dalilin yawan mura, da tari, da haɓo, da ciwon ido a lokacin ɗari.

Ku sauya lokutan aikinku

Sanyi ya fi tsanani daga tsakar dare zuwa fitowar rana. Saboda haka:

1. Ku mayar da wankan yara da tsofaffi zuwa hantsi ko azahar, a wurin da iska ba ta bugawa. A tsane jiki nan da nan, a sa tufafi.
2. Ku ajiye ruwa a rana tun da safe cikin roba. Kafin azahar ya yi ɗumi, ba tare da an ƙona itace ba.
3. Ruwan alwalar asuba, a ɗumama shi ga tsoho da marar lafiya.
4. Ranar da hazo ya yi kauri, a rage fita da ƙananan yara. Wanda zai fita ya rufe hanci da baki da rawani, ko mayafi, ko takunkumi, musamman mai hawa babur.
5. Ku shanya tabarmi, da barguna, da katifu a rana ko da sau ɗaya a mako.

Kada ku bar wanka don tsoron sanyi. Jikin da ba ya ganin ruwa da sabulu shi ne masaukin ƙazuwa da kwarkwata. A wanke wa yara fuska kowace rana, domin kwantsa da majina ke jawo ƙudaje, su kuma ƙudaje ke yaɗa ciwon ido na amodari.

Tufafi da gyaran fata

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi riga ɗaya mai nauyi, domin iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi. In rana ta yi zafi kuma, sai a cire ɗaya. Ku kula da kai, da kunnuwa, da ƙirji, da ƙafafu. Yaro ya samu hula da takalmi. Kada a bar shi da jiƙaƙƙen wando.

Bayan wanka, a shafa man kaɗanya, ko basilin, ko man gyaɗa tun jiki bai gama bushewa ba. Mai faso ya jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi, ya goge kaushi a hankali, ya shafa mai, ya sa safa ya kwanta. Mai ciwon sukari kada ya yanke kaushi da reza, kuma duk rauni a ƙafarsa ya kai shi asibiti.

Idan haɓo ya zo, mutum ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, ya matse hancinsa minti 10, yana numfashi ta baki. Kada ya ɗaga kai sama, don jinin zai bi maƙogwaro.

Wuta, hayaƙi da ɗakin kwana

Nan ne babban haɗarin yake. Gawayi ko garwashi da ke ci a ɗaki rufaffe yana fitar da wata iskar guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki. Mai barci ba ya jin waɗannan alamu, yana iya wucewa cikin barcinsa. Kai maigida, wannan aikinka ne kowane dare:

- Idan an shigo da kasko don ɗumama ɗaki, a fitar da shi kafin a kwanta.
- Kada a toshe kowace kafa. A bar taga ko wata ƴar kafa ta sama a buɗe. A tare iskar da ke buga masu kwana da labule ko zana.
- A rage cunkoso gwargwadon hali. Mai tari ya kwana ɗan nesa da jariri.
- Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, a fitar da su waje nan take, a nemi likita.

Gobara ma ta fi yawa a ɗari. Danni, da zana, da rumbu, da tarin harawa duk sun bushe, iska kuma tana da ƙarfi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara. Ke uwargida, bayan girki ki kashe wuta da ruwa ko ƙasa. Kada a zubar da toka mai zafi a gindin danni. A share ciyawa kewaye da rumbuna, a ajiye tulun ruwa da yashi kusa. Kada a bar yara su kaɗai a bakin wuta.

Idan wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko gishiri, ko mai, ko kashin shanu. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti.

Itacen wuta

Da ɗari buƙatar itace tana ƙaruwa. Dajin Baban Rafi, wanda ke maƙwabtaka da ku, ya daɗe yana ba birnin Maraɗi itacen girki. A shekarar 1992 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, don mutanen ƙauyuka su riƙa kula da dajinsu, su kuma ci amfaninsa. Amma daji yana ƙarewa in ana sara ba a bari ya tofo.

Mafita tana cikin gonarku. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar tohon kututture, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a datse sauran. Ta wannan hanya miliyoyin itatuwa suka dawo a gonakin kudancin Nijar. Rassan da aka datse su ne itacen wuta na kusa da gida, kuma sun rage wa mata da yara tafiya mai nisa cikin daji. Itacen ya bushe sosai kafin a ƙona shi, don ɗanye ya fi hayaƙi. Murhun laka ko na ƙarfe irin na zamani yana tare iska, ya fi murhun duwatsu uku tattalin itace. Kada a ƙona leda ko roba don jin ɗumi. Hayaƙinsu guba ne.

Abinci da abin sha

Ɗari yana biyo bayan kaka, rumbu cike yake. Lokaci ne na mayar da ƙarfin da aka rasa a wahalar damina. Kada yaro ya fita da safe da ciki wayam. Kunun gyaɗa, ko kunun tsamiya, ko koko da ƙosai, suna ɗumama jiki, suna ba da ƙarfi. Wake, da gyaɗa, da ƙuliƙuli, da ƙwai, da nono, da kifi suna gina jiki. Zogale, da kabewa, da karas, da miyar kuka, da tumatir, da lemo suna taimaka wa jiki wajen kare kansa. Magarya, da goriba, da garin kuka abin marmari ne masu amfani ga yara.

Ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishirwa. Busasshiyar iska tana ɗauke ruwan jiki ba tare da an ga gumi ba. Ruwan ɗumi da citta da lemon tsami yana sanyaya maƙogwaro mai kaikayi. Cokalin zuma yana rage tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Ku tuna kuma cewa bazara tana tafe, damina na bayanta. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, hatsi kuma ya fi araha a lokacin. Wanda ya sayar da yawa yanzu, zai saya da tsada nan gaba. Ku lissafa damman da gidanku ke ci a wata, ku ware na shekara da iri, kafin ku kai saura kasuwa. Wake a adana shi cikin buhu mai ninki uku, a ɗaure kowane ninki tam, ƙwari za su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Waɗanda sanyi ya fi taɓawa

*Jariri.* Jikinsa yana saurin rasa ɗumi. Da zarar an haife shi a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har bayan awa 24. A ba shi nonon uwa zalla har wata 6. Kada a cusa masa man zafi ko kafur a hanci. In ƙafafunsa da cikinsa sun yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti yana manne a ƙirjin uwa.

*Mai jego.* Ruwan wanka ya zama mai ɗumin da hannu zai jure, kada ya ƙona fata. A rage kanwa da gishiri, domin yawansu yana tara ruwa a jiki, ya wahalar da zuciya. In ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, wannan ba sanyi ba ne, maganar asibiti ce.

*Tsofaffi.* A ba su bargo mafi kauri, da abinci mai ɗumi da safe, da wurin shan hantsi. A riƙa leƙa su da asuba.

*Masu amosanin jini, wato sikila, da masu fuka.* Sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon ƙashi ga mai sikila. Ƙura da hayaƙi suna tayar da fuka. Su yawaita shan ruwa, su guji ruwan sanyi, maganinsu ya kasance a kusa.

*Almajirai da baƙi.* Tun shekarar 2019 jihar Maraɗi ta karɓi dubban mutane da rashin tsaro ya koro daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina. Mai rigar da ba ya sawa, ko tsohon bargo, ya san inda zai kai.

Cututtuka uku da ba a jira da su

Mura ta yau da kullum tana wucewa cikin mako ɗaya ko biyu da hutu, da ruwa, da abinci. Ba ta buƙatar kafso daga mai tallar magani. Amma akwai cututtukan da ke fara kamar mura, alhali ba ita ba ce.

*1. Ciwon haƙarƙari, wato nimoniya.* Yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƙanana. Idan yaro yana tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa cikin minti ɗaya da agogon waya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

- 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
- 50 ga mai wata 2 zuwa 11;
- 40 ga mai shekara 1 zuwa 5.

In ya kai haka, a je asibiti a ranar. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a tafi nan take, ko da dare ne. Kada a yi masa tsaga ko sakiya. Maganin da aka ba ku, ku ba shi har ƙarshe.

*2. Sanƙarau.* Nijar tana cikin ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda wannan cuta ke tashi da rani. Tana farawa cikin ɗari, ta yi ƙarfi wajen bazara, ta lafa idan ruwa ya sauka. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, cunkoso kuma yana taimaka mata. Alamunta zazzaɓi na farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, da amai, da ƙin haske, da ruɗewa. Ga jariri, maɗiga tana kumbura. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani lokaci ya kurumce. A shekarar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, da Mali, da Burkina Faso, ta karya lagon nau'in da ya fi yin annoba a dā. Sai dai ƙwayar cutar iri-iri ce. A 2015 wani nau'in ya yi annoba a Nijar, musamman a Yamai. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5 a Najeriya da Nijar. Duk ran da aka yi shelar rigakafi, ku fito da iyalinku.

*3. Ƙyanda, wato baƙon dauro.* Ita ma da rani take yaɗuwa. Tana zuwa da zazzaɓi, da tari, da jan ido, sannan ƙuraje. Allurar farko a wata 9 ake yi, akwai kuma ta biyu bayan yaro ya wuce shekara ɗaya. Ki duba katin ɗanki tun kafin sanyi ya kama. Yaron da ta kama ba a ɓoye shi a ɗaki, ba a hana shi ruwa da abinci. A kai shi asibiti.

Kada kuma ku naɗe gidan sauro don damina ta wuce. Kusa da gulbi, da lambuna, da tafkin Madarunfa, sauro ba ya ƙarewa. Duk zazzaɓi a auna jini kafin a ce sanyi ne.

Aikin ɗari

Ɗari ba lokacin naɗe hannu ba ne. Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a faɗin ƙasa, kuma har yau fadamun Gulbin Maraɗi da lambunan Jiratawa suna ba da shaida. Tumatir, da albasa, da salati, da kabeji, da karas sun fi son sanyi. Ko ƴan kwamai kaɗan kusa da rijiya suna wadata tukunyar gida da ganye.

Dabbobi ma suna jin ɗari. A yi wa ƴaƴan awaki shinge daga wajen da iska ke busowa. A adana harawar wake da ta gyaɗa a sama, nesa da wuta. Annobar kaji takan share akurki a hunturu, don haka a yi musu rigakafi kafin sanyi, kada kuma a haɗa sabuwar kazar kasuwa da na gida sai ta yi kamar mako biyu a ware.

Kai mai shirin tafiya cin rani, kafin ka kama hanya ka gyara rufin ɗaki, ka tanadi itace da bargo, ka bar kuɗin kai marar lafiya asibiti, ka kuma ba iyalinka izinin tafiya ba sai an jira ka ba.

Lokaci ne kuma na zumunci, da kokowa, da tatsuniya. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, galibi da sanyi ake yin ta. Dare ya fi tsawo, aikin gona ya yi sauƙi. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da karatun yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karanta katin rigakafi da lambobin agogo, ya samu makamin kare ɗansa.

A tuna

1. Kasko ya kwana waje, taga ta kwana buɗe.
2. Wanka da hantsi, mai a jiki, hula a kai.
3. Abinci mai ɗumi da safe, ruwa duk yini.
4. Numfashi mai sauri ko wuya mai sandarewa, asibiti nan take.
5. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

- Waɗanne alamu ne ke nuna muku ɗari ya iso garinku?
- Mutum nawa ke kwana a ɗakinku, kuma ta ina iska ke shiga?
- Idan yaro ya kamu da tsakar dare, wa zai kai shi asibiti, kuma da wane abin hawa?

Ku tattauna waɗannan da iyalinku tun yau. Allah ya ba mu lafiya, ya fitar da mu ɗari lafiya.